Buhun Kawu ya yi fari

Talata. Hazo tun asuba, ko gadar Binuwai ba a hangowa da kyau. Leɓe duk ya tsattsage.

Da hantsi Kawu ya aiko yaro wai in zo shago maza. Buhun sulfat na ƙarfe ne, wanda masu lambun lemo da mangwaro ke saye in sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore. Da aka kawo shi, ƙwayoyin kore ne shar, suna ƙyalli. Yau saman buhun fari fat, yana rugujewa a hannu kamar garin rogo. Kawu ya ɗora a sikeli, nauyi ya ragu, sai ya hau faɗa wai an cuce shi, an haɗa masa da alli.

Na ce, "Kawu, ranka ya daɗe, babu wanda ya cuce ka. Hunturu ne ya sha ruwan."

Ya ce, "Kai yaro, dutse yana da ruwa?"

Yana da shi kuwa. Koren, wanda in an same shi a ƙasa masana ke kira melanterit, kowace ƙwayar sulfat a cikinsa na riƙe da ƙwayoyin ruwa 7. In laimar iska ta sauka ƙasa da wajen kashi 60 cikin 100 a zafi irin na ɗaki, sai ya saki 3 ya rage da 4, ya koma fari. Wannan farin shi ne rozenit. In bushewa ta yi tsanani ga zafi, yakan ƙara sakin ruwa har ya rage da 1 tak. A garin Garwa a wannan wata, ga bakin buhu a buɗe kusa da ƙofa, me ake jira?

Lissafin shi ne abin da Kawu ya ƙi saurara. Kilo 1 na kore yana komawa kamar giram 800 na fari, amma ƙarfen ciki bai je ko'ina ba: daga kashi 20 ya hau zuwa kashi 25. To mai lambun da ya saba auna giram 5 na kore a litar ruwa, giram 4 na fari ya ishe shi, in ya zarce ya ƙona ganye. Wanda ya lalace na gaske shi ne wanda ya koma rawaya ko launin tsatsa, don iska ta riga ta ci ƙarfen, kuma in an jiƙa sai ya bar laka a gindin bokiti. Irin wannan kaɗan ne a gefen ɗinki, na sa yaro ya kwashe.

Don ya yarda, na narka tsunkule ɗaya a kofin roba, na ɗiga ruwan bagaruwa. Nan take ya yi baƙi ƙirin. Alli ba ya haka. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce ai dama bai ce lallai alli ba ne.

Abin da ya sa na kasa barin maganar: rozenit da muke kwasa da moɗa a shago, a ƙasa samunsa sai an wahala. Sai a 1960 aka bayyana shi daga dutsen Ornak a tsaunukan Tatra na ƙasar Folan, aka ba shi sunan masanin ma'adinai Zygmunt Rozen. Yana fitowa ne inda pirit, wani dutse mai ƙarfe da farar wuta, ya haɗu da iska da danshi ya ruɓe, a bangon ramin haƙar ma'adinai ko jikin gawayin ƙasa, ya yi farin ɓawo siriri mai laushi. Ana ganinsa a gaɓar kogin Riyo Tinto a Sifen lokacin rani. Ruwan sama ɗaya ya narkar da shi, danshi kuma ya mayar da shi kore, shi ya sa ba ya daɗewa a fili.

Wani abu ya dame ni kuma. Farin ya yi kama da garin kanwa, ga buhun kanwar dabbobi a jingine kusa da shi. Shi farin sulfat ɗin tsami ne da shi, kuma guba ne in aka ci da yawa, musamman ga ƙananan yara. Na ce a juye shi a durom ɗin roba mai murfi, a rubuta suna, a kai can ciki. Kawu ya ce gobe. Na san goben Kawu.

Tarin Goggo bai sauka ba. Wuta ta ɗauke tun la'asar, wayar ma saura kaɗan.