Shawarar da ta ƙi wucewa: abin da ɗakin yara ya koya min a Katsina

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin yara a nan Katsina ya san shawara ruwan dare ce. Jariri ya zo ido ya yi ɗorawa, a auna bilirubin, sinadarin da ke kawo ɗorawar, a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, kafin ranar suna an sallame shi. Ko bakwaini ne, ko jinin uwa da na ɗa basu jitu ba, ko mai ƙarancin sinadarin G6PD da ke kare ƙwayoyin jini ne an cika masa kaya da kafur, ko cibiya ce ta kwashi ƙwayar cuta. Saboda yawanta sai ido ya saba, hannu ya saba, kai kuma ya daina tambaya. To ni abin da ya fi zauna min a rai tunda na fara neman ƙwarewa a ɓangaren yara shine, in yaro yana gabanka a galabaice amma takardar lab tana cewa lafiya lau, kar ka yi saurin cewa alhamdulillahi ka rufe fayil, wani lokacin wannan lafiya lau ɗin ita ce alamar ciwon.

Maganar wani ciwon gado ce da ke hana hanta sarrafa asid ɗin madaci, bari in ɗan yi bayani dan waɗanda ba layinsu bane. Hanta tana ɗaukar kolastarol ta sarrafa shi mataki mataki, da inzayim sama da goma sha biyar, har ya zama sinadarai guda biyu, kolik asid da kinodiyoksikolik asid, sune ƙarfin ruwan madaci. Aikinsu a hanji kamar na omo ne a tukunyar da aka yi miyar manja, su ke farfasa maiƙo har jiki ya iya tsotsewa, kuma bitamin A da D da E da K duk a cikin maiƙon suke shiga. Jiki baya wasa da su, wajen kashi 95 cikin ɗari yake sake tsotsowa a ƙarshen ƙaramin hanji ya mayar hanta. Kuma su ɗin ne dai ke jan ruwan madaci ya gudana daga hanta, sannan in sun dawo su ke gaya wa hanta cewa ya isa haka, rage sarrafawa. To in aka haifi yaro ɗaya daga cikin inzayim ɗin nan baya aiki, matsala biyu ce ke haɗuwa masa: babu asid ɗin kirki da zai narka maiƙo, sannan hanta bata samun saƙon tsayawa, sai ta yi ta tara rabin-aiki, waɗannan guntayen kuma guba ne gare ta. A hankali sai ta ƙandare. A ƙasashen da ake iya gwaji, wannan rukunin ciwon bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na yaran da madacinsu ke tsayawa ba, kaɗan ne ƙwarai, amma fa yana cikin 'yan ciwukan hanta na gado da ƙwayar magani ta baki ke juya su gaba ɗaya.

Yaron da ya sa na koma na karanta wannan babin da gaske daga wani ƙauye ne bayan Mashi, bai daɗe da cika shekara ba. Ba ma shawara ce ta kawo su ba. Cikinsa ne ya ɗaga, aka ce saifa ce, wanzami ya yi masa tsaga a gefen ciki, jini ya ƙi tsayawa tun hantsi har la'asar, tsumman da aka ɗaure ya jiƙe sharkaf. Idonsa da ɗan ɗorawa amma ba can ba, hanta ta sauko ana taɓa ta da tauri, wuyan hannunsa ya yi kauri, haƙarƙari da 'yan ƙulle-ƙulle irin na mai ƙarancin bitamin D, kuma ko tsayuwa da bango bai fara ba. Uwar bata cika magana ba, kakarta ce baki. Aka yi masa allurar bitamin K, washegari gwajin daskarewar jini da ya yi tsawo sosai ya dawo daidai. Wannan kaɗai ya gaya mana wani abu, hantar da ta mutu ko ka ba ta bitamin K bata iya gyara jini, tashi kuwa ta gyara, kenan bitamin ɗin ne baya shiga daga hanji.

A zagayen safe ogarmu ta ce a karanto rizal. Bilirubin mai haɗe, wato wanda hanta ta riga ta sarrafa, ya hau, ALT mai nuna raunin hanta ya hau, babu ciwon hanta na B ko C, sikanin bai nuna toshewa ba. Wani ƙaramin likita a cikinmu ya ƙara da cewa, Oga GGT kam lafiya lau yake. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau ta ce, shi yaron lafiya lau yake? Sai ta juya wajen kakar.

"Inna, yana susa? Da dare yana ƙaiƙayi har ya hana ku barci?"

"A'a likita, ko kaɗan, shi dai kwanciya."

"Kashinsa fa?"

"Yo kashin nan ai shi ya ishe mu, fari-fari haka da maiƙo kamar an zuba man gyaɗa, ga wari, ko fo baya fita sai da ruwan zafi."

"Uwar da uban 'yan uwa ne?"

"Ɗiyan wa da ƙane ne, duk jikokina ne. Na farinsu ma haka ya yi ta shawara, bai kai yaye ba Allah Ya amshi abinsa."

Tambaya huɗu kacal, ko sisi ba a kashe ba, kuma wallahi rabin aikin an gama shi a nan. Dalili kuwa, GGT ɗin nan wani inzayim ne da ake aunawa a jini, yana zaune ne a bangon ƙananan hanyoyin madaci, asid ɗin madaci ne ke kankaro shi ya shiga jini in madaci ya tsaya. Shi ya sa a toshewar hanyar madaci ta jarirai zaka ga GGT ya yi sama sosai. In madaci ya tsaya amma GGT na ƙasa, hanya ta rabu biyu. Ko dai asid ɗin na nan amma ya kasa fita daga hanta, wani ciwon gadon daban da ake kira PFIC, su waɗannan yaran susa kamar su yage fatarsu kuma asid ɗin ya cika jini. Ko kuma asid ɗin ne babu shi tun farko, sai ka ga babu susa, kuma in an auna asid ɗin madaci a jini a same shi daidai ko ƙasa a yaron da idonsa ke ɗorawa. Gwaji biyu masu kyan gani a jikin yaro ɗaya mara lafiya.

Tarihin abin ma bai da nisa. A 1987 ne Peter Clayton da abokan aikinsa a Landan suka fara bayyana nau'in da ya fi yawa, wanda yanzu aka san matsalarsa na ƙwayar gado HSD3B7, kuma a jikin yaro ɗan Saudiyya ne wanda iyayensa auren zumunci suka yi. Shekara ɗaya bayan nan, 1988, Kenneth Setchell a Sinsinati ta Amurka ya bayyana nau'i na biyu a wasu tagwaye, na ƙwayar gado AKR1D1, shi wannan ya fi zafi, tun cikin jego yake kayar da hanta. Duk wanda ya karanta labarin yaron Saudiyyan nan sannan ya tuna yadda muke aure a Katsina da Daura da Zango da Mai'adua, ya san ba zai yiwu a ce babu ciwon a wajenmu ba. Ni a ganina yana nan, kawai sunansa a fayil ciwon hanta ne, a gida kuma shawara ce ko mayu.

Wajen tabbatarwa ne ido ke raina fata. Gwajin da ke kama shi na fitsari ne, a sa a na'urar da ke tantance sinadarai ta nauyinsu, mas-sifektiromita, ita ke nuna waɗancan guntayen da hanta ta tara, kowane nau'i da irin zanensa. Sai gwajin ƙwayar gado ya biyo baya. Fitsarin ana daskarar da shi a aika, kai kuma ka san mu da wutar lantarki, wasu dakunan gwaji na waje suna karɓar wanda aka busar a takardar tacewa, wannan ya fi mana sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai wani tarko kuma da ya kamata kowane likita ya sani. Mun saba duk yaron da madacinsa ya tsaya a rubuta masa urso, to urso ɗin nan asid ɗin madaci ne shi ma, yana cika jini da fitsari ya rufe hoton, a auna a ga asid ya hau a ce ai ba wannan ciwon bane. Dole a ɗauki samfur kafin a fara shi, ko a tsayar da shi na kwanaki tukuna. Kuma ba shine maganin ba, dan baya ba hanta saƙon ta daina sarrafa gubar.

Maganin gaskiya shine a ba yaro abin da jikinsa ya kasa yi, kolik asid ta baki, miligiram 10 zuwa 15 kan kowane kilo a rana, har iya rayuwa. Yana shiga sai madaci ya fara gudana, maiƙo da bitamin su fara shiga jiki, hanta ta ji saƙon tsayawa guntayen su ragu. Turai ta amince da shi da sunan Orphacol a 2013, Amurka da sunan Cholbam a 2015. Likitocin Faransa sun wallafa a 2009 cewa sun bi marasa lafiya 15 a kan maganin, akasari sama da shekara goma, duk suna raye da hantarsu ta haihuwa babu dashe, har wasu matan cikinsu sun yi ciki sun haihu lafiya. Sharaɗin dai a fara kafin hanta ta gama lalacewa.

Shi yaronmu wani kawunsa da ke aiki a Abuja ne ya ɗauki nauyin gwajin ƙwayar gado ta wani lab mai aikawa waje, bayan an daɗe ana jira rizal ya zo, HSD3B7 ne, kwafi biyu. Murna ta koma ciki da aka zo maganar magani, babu shi a kemis, babu shi a kantin asibiti, kuɗinsa kuma ko ɗan kasuwa sai ya yi gumi. Ta leƙo ta koma kenan. Uban mahauci ne, da na gama masa bayani ya yi shiru sannan ya ce, likita in dai madaci ne ai kullum sai na yar da na shanu, ba za a iya ɗiga masa ba? Ban yi dariya ba, dan tunaninsa ya bi hanya, kolik asid ɗin daga madacin dabbobi ake tace shi. Na ce masa Malam ɗanyen madaci cakuɗe yake da wasu sinadaran da ƙazanta, ba wanda ya san awonsa, hantar da ke ciwo ba za ta ɗauka ba, akwai ma waɗanda ɗanyen madacin kifi ya kashe wa ƙoda. Muka ci gaba da ba shi bitamin ɗin nan huɗu da abinci mai irin man da baya buƙatar madaci sosai, oga kuma ta shiga rubuta wasiƙu tana neman hanyar da za a samo maganin.

Maganar gado ita ta fi wuyar faɗa. Sa'ar da muka ci ita ce mutanenmu yanzu sun san sikila, in ka ce musu kamar AS da AS ne, uwa na ɗauke da rabi uba na ɗauke da rabi su lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu, nan da nan suke ganewa. Abin da na koya shine ka faɗe ta gaban uban da kakar, kar ka keɓe uwar ita kaɗai, in ba haka ba kafin su isa tasha an ɗora mata laifi an fara zancen ƙaro aure. Kuma ba aikina bane in tsaya ina zagin auren zumunci gaban tsohuwar da ita ta haɗa shi, aikina in ce duk jaririn da aka sake haifa a zuri'ar nan a kawo shi a duba tun kafin arba'in.

Akwai ɗan uwan wannan ciwon da ba a ɗakin yara ake kama shi ba, ana kiransa CTX, matsalar ƙwayar gado CYP27A1, wanda van Bogaert ya bayyana tun 1937. Yaro ya yi ta zawo ba dalili, yana makarantar firamare yanar ido ta rufe masa ido biyu, ya zama saurayi agararsa ta kumbura ta yi ƙulli, daga baya tafiya ta fara tangaɗi, kai ya fara rikicewa. Kowane asibiti ya ga guntunsa, na ido ya cire yana ya sallama, na ƙwaƙwalwa ya ba da nasa, ba mai haɗa labarin. Maganinsa kinodiyoksikolik asid ne, an san haka tun 1984, kuma in an fara da wuri yana tare lalacewar ƙwaƙwalwa. Yanzu duk abokina da ke ɗakin ido sai na roƙe shi, in ka ga yaro ko matashi da yana ido biyu ba ciwon suga ba buguwa, dan Allah ka sa ya cire takalmi ka shafa agararsa, ka tambayi uwar labarin zawo.

Ga abokan aiki na asibitocin ƙauye kuwa, su da jariran ke fara zuwa hannunsu, ba sai kun haddace sunayen nan ba. Jaririn da ya wuce sati biyu da shawara, ko sati uku in bakwaini ne, a daina cewa a shanya shi a hantsi, a raba bilirubin a ga mai haɗe nawa ne, in ya wuce miligiram 1 a desilita akwai magana. A buɗe famfas a kalli kashin da ido, kar a tsaya ga abin da uwa ta ce, dan hasken ɗaki na ruɗi, kashi fari da fitsari mai rina zane turawa ake yi a ranar. Mafi yawansu ma ba wannan ciwon na gado zai zama ba, da yawa toshewar hanyar madaci ce, ita kuma aikin tiyatar da ake mata, wato Kasai, ya fi yin kyau kafin jariri ya cika kwana 60, mu kuwa sai an gama wankan jego an sha jiƙo kala-kala ake tunanin asibiti. A yi masa allurar bitamin K kafin ya hau mota, a ja wa iyaye kunne kar wanzami ya taɓa shi, ko beli ko kaciya ko tsaga, kuma a rubuta a takardar turawa ko an riga an fara ba shi urso da ranar da aka fara.