Kuɗin ruwan Babban Banki da farashin buhun masara

A farkon watan Mayun 2022 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya yana kan kashi 11.5 cikin ɗari. Aka yi ta ɗaga shi har ya kai 27.5 a Nuwamban 2024, da niyyar karya hauhawar farashi. Ita kuwa hauhawar ta tashi daga kusan kashi 17 zuwa 34.8 a Disamban 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Shi ya sa wasu ke cewa bankin ba shi da hannu a farashin kayan masarufi. Yana da hannu ƙwarai, sai dai kuɗin ruwa shi ne mafi rauni cikin hanyoyinsa idan ana maganar hatsi.

Idan aka ɗaga ma'aunin, bankunan kasuwanci sukan tsauwala wa mai karɓar rance. A ɗauka ɗan kasuwa ya ranci naira miliyan 10 a kan kashi 30 a shekara, ya sayi buhu 200 da kaka a kan 50,000, ya ajiye wata shida. Ruwan kaɗai miliyan 1.5 ne, wato 7,500 a kan kowane buhu, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari. Wannan kan sa mai ɓoye kaya ya fitar da shi da wuri. Amma yawancin 'yan kasuwar Dawanau da jarinsu suke juyawa, ko da bashin amana tsakaninsu, da yawa kuma suna gudun riba. Wanda bai ci bashin banki ba, ƙarin ruwa ba ya taɓa shi kai tsaye. Masana'antar da ke da bashi kuwa sai ta ɗora ƙarin a kan kayanta.

Inda bankin ya fi yin ɓarna shi ne bashin da ya riƙa ba gwamnatin tarayya. Sashe na 38 na dokar bankin ta 2007 ya ƙayyade cewa irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, a kuma biya kafin shekara ta ƙare. A zamanin tsohon gwamnan bankin Godwin Emefiele bashin ya taru har naira tiriliyan 22.7, sai a Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40. Sabon kuɗi ne aka zuba a kasuwa alhali ba a ƙara ko tiya ɗaya ta gero ba. Wani kaso nasa ya bi dala, ya ƙara danne naira.

Sai canji. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta, dala ta tashi daga kusan 460 a hukumance, ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Kusan duk alkamar da ake yin burodi da taliya daga waje take zuwa. Haka maganin feshi, kayan gyaran tirela, da wasu sinadaran haɗa taki. Akwai kuma abin da 'yan kan iyaka suka fi kowa sani: sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya. Da naira ta faɗi, mai riƙe da sefa daga Maraɗi ko Garwa sai ya ga masarar Najeriya ta yi araha, ya saya da yawa, magidanci a Kano ya tarar da mudu ya tashi. A nan ne ƙarin ruwa ke da amfani na gaske, domin yana jawo masu kuɗi su sayi takardun lamunin gwamnati su bar dala, naira ta samu tsayawa. Kafin hakan ya iso kasuwa sai an yi watanni.

Sauyin fasalin naira a farkon 2023 ya nuna abin da janye kuɗi da ƙarfi ke haifarwa. Tsabar da ke yawo ta ragu daga sama da tiriliyan 3 zuwa ƙasa da 1. Manoma suka karyar da hatsi da dabbobi don su sami tsaba, farashi ya rabu biyu, na hannu da na tiransifa, amma hauhawar ta zauna sama da kashi 21.

Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, 'yan bindigar da suka hana noma a Zamfara da Katsina, da fashewar madatsar Alau a Satumban 2024, duk ba abin da kwamitin kuɗin ruwa na bankin, ƙarƙashin gwamna Olayemi Cardoso, zai gyara da ƙarin ruwa ba ne.

Sauƙin da hatsi ya yi a 2025 ya zo ne bayan amfanin gona ya shigo, an ɗage harajin shigo da abinci na kwana 150, naira kuma ta tsaya a kusa da 1,500. Mai duba alƙaluma ya lura: faɗuwar hauhawa zuwa 24.48 a Janairun 2025 sauya tsarin lissafi ne ya kawo ta, don haka kada a gwada ta kai tsaye da 34.8 na watan da ya gabace ta.