Abin da Kwazazzabon Kawasan Ya Koya Mini Game da Jagorantar Baƙi

A shekarata ta ƙarshe ta karatun harkar yawon buɗe ido a birnin Sebu na ƙasar Filifin, an wajabta wa kowane ɗalibi yin horon aiki na wasu watanni kafin a ba shi takardar kammalawa. Yawancin abokan karatuna manyan otal-otal na tsibirin Mactan suka nema, ni kuwa rabona ya kai ni wani ƙaramin kamfani a kudu maso yammacin tsibirin Sebu, tafiyar fiye da awa uku a bas daga birni, wanda sana'arsa kai baƙi bin kwazazzabo. 'Yan acaɓan da ake kira habal-habal ne suke hawa tudu da baƙo a yankin Alegria, ya gangara da ƙafa zuwa kogin Kanlaob, daga nan ya bi ruwan tsakanin bangayen dutse, wani wurin da tafiya, wani wurin da iyo, wani wurin da sulɓewa a kan dutse mai santsi, wani wurin kuma da tsalle cikin gurbi mai zurfi, har ya ɓulla magangarar ruwa ta Kawasan a garin Badian bayan awa uku zuwa huɗu. Ruwan yana da launi tsakanin shuɗi da kore saboda dutsen farar ƙasar da yake ratsawa, kuma hoton wannan launin ne yake jawo mutane daga Koriya da Turai da sauran sassan duniya.

Aikina shi ne rubuta sunayen baƙi, da gwada musu hular kwano da rigar hana nutsewa, da yi musu bayanin farko, sannan in bi bayan tawaga ina lura da wanda aka bari a baya. Babban jagoranmu dattijo ne ɗan yankin, wanda kowa yake kira Manong, kalmar girmamawa ga namijin da ya girme ka, shi kuma yana ce mini Dong, kamar yadda ake kiran saurayi a harshen Sebuwano.

A takardar rajista akwai tambaya ɗaya da na ɗauka mai sauƙi ce: ko baƙo ya iya iyo. Wata Asabar wasu ɗalibai 'yan Najeriya su shida suka zo ta hannuna, cikinsu da wani Bazazzagi mai karatun likita wanda ya girme ni, kuma ya taimake ni ƙwarai lokacin da nake sabon zuwa ƙasar. Na ɗago kai a gaban abokansa na ce, "Yaya, ka iya iyo ko?" Ya yi murmushi ya ce, "Haba ƙanena, wannan ma abin tambaya ne?" Nan take na rubuta cewa ya iya. Sai daga baya na tuna cewa bai ce mini ya iya ba, kuma bai yi mini ƙarya ba. Na sa shi ne a wurin da namiji ba zai so ya amsa da a'a ba, sai ya kauce, ni kuma na cike masa amsar da nake son ji.

A gurbin farko asiri ya tonu. Da ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa sai jikinsa ya sandare, ya ɗaga haɓa sama, hannuwansa suna laluben abin kamawa, numfashinsa yana fita sama-sama, alhali rigar da ke jikinsa tana riƙe da shi. Manong bai ɗaga murya ba, bai kuma nuna shi da yatsa ba. Ya matsa kusa da shi kamar wanda zai gyara masa maɗaurin riga, ya juya shi ya kwanta rigingine, ya kama kafaɗar rigar ya ja shi zuwa gefe, sannan ya ce wa tawagar gaba ɗaya, "Hinay-hinay," wato a bi a hankali. Daga wannan wuri har ƙarshen tafiya Yaya bai yi nisan taku biyu da Manong ba, kuma a duk inda ake tsalle Manong yakan ce yana buƙatar mutum ɗaya ya raka shi ta hanyar igiya, ya zaɓe shi. Abokansa ba su gane komai ba. Da yamma, muna jiran mota, Yaya ya riƙe hannuna ya ce tun da aka haife shi bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba.

Na daɗe ina tunanin wannan rana, domin a aji an koya mana tsara takardar rajista, amma ba a koya mana cewa kunya tana iya cike ta da amsoshin da ba gaskiya ba. Tun daga nan na daina tambaya a bainar jama'a. Nakan keɓe mutum yayin da nake ɗaure masa riga, in tambaye shi yaushe rabonsa da shiga ruwan da ya fi tsayinsa, da kuma a ina ne. Wanda ya iya yakan ba da labari da sunan wuri. Wanda bai iya ba yakan yi shiru kaɗan, kuma wannan shirun ya isa. Na lura kuma ba halin mutanenmu kaɗai ba ne, don na ga irinsa wurin saurayin da ya zo da budurwarsa, da uban da ya zo da 'ya'yansa, da shugaban ma'aikata a gaban yaransa.

Tsalle shi ne abin da ake tallatawa, shi ne kuma inda raunuka suka fi yawa. Wanda ya faɗo daga tsawon mita 10 yana isa ruwa da gudun kusan kilomita 50 a awa, saboda haka idan ya sauka a kan bayansa ko ya buɗe hannuwa, ruwan zai doke shi kamar daɓe. Ana koya wa baƙo ya haɗe ƙafafu, ya miƙe jiki, ya riƙe rigar a ƙirji don kada ta zabura ta bugi haɓarsa, ya kuma yi taku zuwa gaba ba tare da ja da baya ba, domin mai shakka a bakin dutse, wanda ya fara tsalle sannan ya fasa, shi ne yake faɗowa kusa da bango. Shi ya sa Manong yake hana abokai ƙidaya da ihun "Ambak!", wato yi tsalle, ga wanda ya tsaya yana rawar jiki. Ya san cewa wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukar hoto suna tura mutum fiye da yadda hannu zai tura shi. Ƙarƙashin magangara kuma, inda ruwa yake fari fat da kumfa, iska ta cakuɗu da shi har ba ya ɗaukar jiki kamar sauran ruwa, kuma yana juyawa ya mayar da mutum inda ya fito, don haka ba a barin kowa ya kusanci wurin sai da jagora.

Darasin da ya fi zauna mini ya zo ne a lokacin habagat, iskar damina mai busowa daga kudu maso yamma. Da safiyar wata rana sararin sama garau yake a bakin teku, baƙi goma sha biyu sun biya kuɗi, sun sa riguna, wasu sun baro birni tun kafin asuba. Manong ya amsa waya daga wani ɗan acaɓa da ke kan tudu, ya saurara, ya je ya tsuguna a bakin kogi ya ɗebi ruwa a tafin hannu. Ni ban ga komai ba sai ɗan dusashewar launi da wasu busassun ganyaye suna wucewa. Ya miƙe ya ce ba za a shiga ba. Wani baƙo ya harzuƙa, yana nuna rana yana cewa jirginsa gobe ne, ni kuma, da karatun gamsar da mai saye a kaina, na matsa kusa da Manong na ce ko za mu gaggauta mu fita kafin azahar. Ya dube ni ya ce, "Dong, idan mun kai tsakiya, ta ina za ka fitar da mutum goma sha biyu?" Ban sami amsa ba, domin na san akwai wuraren da bango yake tsaye ta kowane gefe. Kafin la'asar kogin ya zama ruwan ƙasa, yana tafe da rassan itace, kuma a inda muke tsaye ko ɗigo bai sauka ba.

Abin ya ba ni kunya musamman saboda ba baƙon ilimi ba ne a wurina. Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san korama da take bushe da safe ta cika ta batse da rana saboda ruwan da aka yi a wani gari, kuma iyaye suna hana yara wasa a cikinta da damina ko da babu hadari a kansu. A aji ma an karanta mana abin da ya faru a kwazazzabon Saxetenbach kusa da Interlaken a ƙasar Suwizalan ranar 27 ga Yulin 1999, inda ambaliya ta kashe mutum 21, cikinsu da jagorori uku, bayan ruwan sama ya sauka a saman dutse. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci, amma da mai kuɗi ya tsaya a gabana yana fushi sai na nemi mantawa. Hasashen hukumar yanayi ta PAGASA yana da amfani, kuma muna duba shi kullum, sai dai bai kai wayar mutumin da yake tsaye a kan tudu yana kallon hadari da idonsa ba.

A ranar ce kuma na fahimci nauyin kalmar da Manong ya furta. Jagororin da na yi aiki da su ana biyansu ne gwargwadon tafiyar da suka yi, saboda haka ranar da aka fasa babu abin kaiwa gida. Haka 'yan acaɓa, haka matan da suke gasa nama da ayaba a wuraren hutawa na cikin kwazazzabon, waɗanda Musulmi ya kamata ya tambaye su irin naman kafin ya saya. Mutumin da ake so ya ce a fasa shi ne mutumin da fasawar take fara cutarwa, kuma a ganina wannan tsari ne da ya kamata a gyara. A rahoton da na miƙa wa makaranta na ba da shawarar a riƙa ware wani kaso daga kuɗin kowace tafiya, a biya jagora da shi ranar da yanayi ya hana aiki. Gwamnatin lardin Sebu ta taɓa dakatar da wannan sana'a na wasu watanni a 2016 don a tsara ƙa'idoji na tsaro da na muhalli, kuma hular kwano da riga da jagora mai rajista sun zama dole, amma doka ba ta tsayawa a bakin kogi da ƙarfe bakwai na safe. Jagora ne yake tsayawa.

Manong ya gaya mini cewa bayan guguwar Odette ta Disamban 2021 sai da suka sake koyon kogin daga farko, domin duwatsu sun gusa, kuma wasu guraben da suka sani tun suna yara sun cike da tsakuwa. Kwana biyu bayan ambaliyar da na gani, da ruwa ya koma launinsa, ya ɗauke ni mu biyu kawai, babu baƙo ko ɗaya. A kowane wurin tsalle yakan sauka ta igiya, ya sa gilashin nutso, ya duba ƙasan gurbin kafin ya ɗaga mini hannu. A gurbi na huɗu ya daɗe a ƙasa, da ya fito ya kira ni ya miƙa mini gilashin. Wani gungumen itace ne ya maƙale tsakanin duwatsu biyu, reshensa ɗaya yana kallon sama, yana nutse, tsakaninsa da saman ruwa bai fi tsayin mutum ba, daidai inda baƙi suke sauka, kuma daga bakin dutse ba a ganin komai sai shuɗin ruwa. Mun ɗaura jan ƙyalle a wurin, kuma har aka sami masu zarto suka cire gungumen, duk tawagar da muka kawo ta hanyar igiya take zagayawa.