Wasiƙa daga Illinois: Valmeyer, garin da ya tashi ya koma tudu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne daga jihar Illinois ta Amurka domin in ba ku labarin Valmeyer, wani ƙaramin gari na manoma da ke fadamar kogin Misisifi, kudu da birnin St. Louis. Duk wanda ya ga abin da ruwa ke yi wa Auyo da Haɗeja da damina, ko abin da ɓallewar madatsar Alau ta jawo wa Maiduguri a 2024, ba zai ji labarin nan kamar na nesa ba.

Ambaliya ta ci garin a 1943 da 1944 da 1947, bayan haka injiniyoyin sojan Amurka suka gina doguwar jinga tsakaninsa da kogin. Jingar ta tare ruwa fiye da shekara arba'in, mutane suka saki jiki suka yi ta gini a kwari, har ƙidayar 1990 ta sami kusan mutum 900 a garin. Ranar 1 ga Agusta 1993, ranar da kogin ya haura ƙafa 49 a St. Louis, jingar ta ɓalle a kusa da garin Columbia da ke arewa da Valmeyer, ruwa ya gangaro kudu ya shanye garin. An riga an kwashe jama'a, amma ruwan ya yi makonni yana kwance a cikin gidaje, kuma kusan tara cikin goma na gine-ginen garin sun lalace.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da kowa ya karɓi diyyarsa ya kama gabansa, da yau babu Valmeyer. Magajin garin, Dennis Knobloch, ya tara jama'a aka tattauna, mafi rinjaye suka amince a tashi gaba ɗaya, aka sayi gona mai faɗin eka 500 a kan tsaunin da ke gabas da su, wanda ya ɗara tsohon garin tsayi da kusan ƙafa 400. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta sayi gidajen da ruwa ya ci aka rushe su, domin kada wani ya sake zama a wurin. Kafin a gama ginin, iyalai da dama sun zauna a gidajen wucin gadi a Waterloo, wani gari da ke kusa da su, kuma ba a rufe makarantar garin ba, an ci gaba da karatu a azuzuwan wucin gadi. A ganina riƙe makarantar nan ya taimaka ƙwarai wajen hana iyaye watsewa.

Ƙidayar 2010 ta nuna mutum 1,263, wato garin ya fi yadda yake kafin ambaliyar. Sai dai adadin bai faɗi komai da komai ba. Wasu daga cikin tsofaffin mazauna ba su iya jiran shekarun ginin ba, sun koma wasu garuruwa, yawancin shagunan tsohon garin ba su sake buɗewa ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka cike gurbin baƙi ne masu zuwa aiki St. Louis su dawo da yamma. Manoma dai har yanzu suna sauka fadamar su shuka masara da waken suya, domin ƙasar tana da albarka, amma iyalansu a tudu suke kwana.

Ina roƙon Allah Ya kiyaye mana garuruwanmu na bakin kogi, Ya sa damina ta zo da sauƙi.

Wassalam,
ɗan uwanku a Illinois.