Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Yadda na cinye kuɗin adashi

Makon jiya na tsaya a inda likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar mini cewa rawar da hannuna na dama yake yi cutar Parkinson ce, ya ɗora ni a kan wani magani mai suna pramipexole, sau uku a rana. Ba zan ci amanar maganin ba, ya yi aiki. Cikin wata biyu na koma zura zare a allura da kaina, na daina ɓarar da shayi a zanina. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Duk wanda ya san ni ya san ni da riƙo. Shekara 26 na yi ina koyarwa a firamare, albashina bai taɓa ƙarewa kafin wata ya mutu ba. Shi ya sa matan layinmu suka naɗa ni uwar adashi. Mu goma sha biyu ne, zubin naira 20,000 duk wata.

Da turmin atamfa ɗaya abin ya fara, a Kantin Kwari. Sati bai zagayo ba na koma na sayi uku. Daga nan na daina ma fita, waya ta ishe ni. Ƙarfe biyun dare, Alhaji yana barci, ni kuwa ina ƙudundune a bargo ina bin hotunan masu sayar da kaya a WhatsApp. Leshi, mayafai, kulolin abinci, takalman da ba su ma shiga ƙafata. "Hajiya, a ajiye miki?" Sai in ce a ajiye biyu. Abin da har yau nake kasa fahimtar da mutane shi ne, kayan ba su dame ni ba. Daɗin duk yana lokacin da na danna na tura kuɗin, ƙirjina ya buga, wani sanyi ya ratsa ni. In ɗan aike ya kawo, ko ledar ba na buɗewa, sai in cusa a ƙarƙashin gado. Kula tara na tara, ni da girkina bai wuce na mutum huɗu ba.

Fanshona ya ƙare, na sayar da 'yan kunnena na zinare, sannan na sa hannu a amanar mutane. Ranar kwasa ta zo kan maƙwabciyata da za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, naira 240,000, a hannuna kuwa ko dubu talatin babu. Na ce mata banki ne ya riƙe kuɗin. Ni da na sha dukan yara a aji saboda ƙarya!

Alhaji ya gano ne da yana neman takalminsa, ya jawo leda, wata ta biyo ta. Ya zauna a bakin gado ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce, "Hajiya, wa ya yi miki wannan?" A wurinsa sammu ne. Yayata ta ce aljana ce mai son ado. Aka yi ruƙiyya, na sha rubutu, da dare kuma na sayi mayafi biyu.

Autata ce, mai karatun aikin jinya, ta warware takardar nan ta cikin kwalin magani da kowa ke jefarwa. Ta shigo da ita tana rawar murya: "Mama, kin ga abin da aka rubuta a nan?" Ga shi ƙarara: caca, yawan sayayya, cin abinci ba ƙoshi, da sha'awar da ta wuce kima.

Da muka koma asibiti wani likitan muka tarar. Ya ce cutar tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, maganin kuma kwaikwayon sinadarin yake yi. Matsalar ita ce dofamin ba motsin jiki kaɗai yake riƙe da shi ba, shi ne kuma ke sa mutum ya ji daɗin abu ya so ƙari. Ya ce a wani bincike da aka buga a 2010 kan marasa lafiya sama da 3,000 a Amurka da Kanada, kusan 17 cikin 100 na masu shan irin wannan magani, har da ɗan'uwansa ropinirole, sun faɗa ɗaya daga cikin halayen nan, a marasa shansa kuwa kusan 7 ne. Na ce, "Likita, to me ya hana a faɗa mini tun farko?" Ya sunkuyar da kai yana rubutu. Wannan shirun har yanzu yana ci mini rai, domin da an ja kunnen Alhaji da magana ɗaya, da tun a turmi na uku ya tare ni.

Na so in watsar da ƙwayoyin a ranar, ya hana. Ya ce dainawa farat ɗaya tana jawo firgici da baƙin ciki mai tsanani, sai dai a rage a hankali yana ƙara mini wani maganin cutar mai suna levodopa. Ya kuma ce a karɓe katin bankina, Auta ta riƙe.

Muna isowa gida na hango takalman maƙwabciyata a ƙofar ɗakina, da na wasu mata uku. Yadda muka kwashe da su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.