Goro Ɗaya Tsakanin Madubai Biyu

Shekara shida ke nan ina koyar da lissafi da kimiyya a wata makarantar yamma a Agege, yawancin ɗalibaina 'ya'yan 'yan kasuwarmu ne masu shirin jarrabawar WAEC. Duk sanda muka zo kan madubi da kusurwa sai in rubuta ƙa'ida a allo: ka raba 360 da girman kusurwar da ke tsakanin madubai biyu, ka cire ɗaya, adadin hotunan da za su bayyana ke nan. Su haddace, mu wuce. Ni ma haka aka koya mini.

Bana na je wurin mai yankan gilashi ya yanko mini madubai biyu, kowanne kamar tafin hannu. Na haɗa gefensu da salatif suna buɗewa kamar littafi, na ajiye goro ɗaya a tsakiya. Da muka buɗe su digiri 90, goro uku suka fito a ciki. Muka matse zuwa 60, suka zama biyar. A 45 bakwai. Yara sai ƙirgawa suke da ƙarfi, suna ture juna.

Can wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa ake cire ɗaya?"

Wallahi ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Na ce mata mu duba tare, muka mayar da madubai digiri 90. Ta kwantar da haɓarta a kan tebur, ta daɗe tana leƙe, sannan ta ce, "Malam, wuri huɗu ne aka raba da'irar. Ɗayan ai goron ne da kansa." Gaskiyarta. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin shekara shida ina raba wa yara amsa ban ba su damar gani da idonsu ba.

Daga nan muka rufe tagogi, muka haska tocila a madubi, muka auna: yadda haske ya sauka a karkace, haka yake tashi ta ɗaya gefen, kusurwa daidai da kusurwa. Shi ya sa in ka hango idon direban danfo a madubinsa, shi ma yana ganin naka. Na ba su labarin Ibn al-Haisam, mutumin Basra da aka haifa wajen shekarar 965, wanda ya yi irin wannan gwaji ya rubuta Kitab al-Manazir. Jin sunan na gida ne ya sa suka ƙara gyara zama.

Washegari wani yaro ya zo da madubin askin babansa, yana so mu sa biyu su fuskanci juna mu ga inda goron zai ƙare.