TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 17): Kos ɗin da ya fahimtar da ni ciwon Autanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya inda na samu na haye aji biyu bayan fama da kuɗin rijista, to yau sai kun yi haƙuri da ni akwai ɗan karatu a ciki, don ba yadda za a yi na ba da labarin shekarar nan na tsallake kos ɗin nan.

Kos ne na bayoloji a kan juyin halitta, mu dai ebolushon muke ce masa. Tun kafin a fara 'yan aji uku sun gama tsorata mu wai kos ɗin da ake cewa kakanka biri ne, wata ƙawata har cewa ta yi ita haddacewa kawai za ta yi ta juye a jarabawa ta fito ta yi istigfari. Malamin da ya ɗauke mu dattijo ne mai sanyin magana, ranar farko wani ɗalibi ya miƙe ya ce Malam mu fa 'ya'yan Annabi Adamu ne, sai ya ce masa "zauna ɗana, ni ma da alwalata na shigo ajin nan, bari ka fara jin me mutanen suka ce tukuna." Ni imanina a kan halittar Annabi Adamu yana nan daram har gobe, amma maganar nan ta sa na baza kunne.

Abin mamaki ba da Turawa ya fara ba, da Jahiz ya fara, malamin nan na Basra da ya rayu a ƙarni na 9 ya rubuta Kitabul Hayawan, inda ya yi bayanin yadda dabbobi ke cin junansu, kowace tana fafutukar neman abinci da tsira da ranta, da yadda muhalli ke tasiri a jikin mai rai. Ba shi ya kawo ƙa'idar juyin halittar ba, amma ya lura da abubuwa da yawa. Daga nan sai Lamarck mutumin Faransa, wanda a 1809 ya ce halittu suna canzawa ne saboda abin da suka saba yi, raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya yana cin ganyen sama har wuyan ya ƙaru 'ya'yansa suka gada. Wallahi da na ji sai na ga ai hakan ma ya yi ma'ana, sai Malam ya nuna tsagar da ke kumatunsa ya ce kakansa yana da ita babansa yana da ita, amma ko ɗaya cikin 'ya'yansa ba a haifa da ita ba, abin da jiki ya samu a rayuwa ba ya bin jini haka kawai.

Shi kuwa Charles Darwin a shekarar 1809 ɗin aka haife shi a Ingila. Yana ɗan shekara 22 ya shiga jirgin ruwan nan Beagle a 1831, bai dawo gida ba sai 1836, a hanya suka tsaya tsibiran Galapagos da ke cikin teku yamma da Kudancin Amurka a 1835 inda aka gaya masa cewa kunkurun kowane tsibiri ƙoƙon bayansa daban ne, tsuntsayen ma haka. A 1838 ya karanta rubutun Malthus, wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, a kan cewa haihuwa tana fin abinci saurin ƙaruwa, nan tunanin ya haɗu a kansa, amma Darwin ya yi shekara ashirin bai buga ba, yana ta tara hujja har da kiwon tantabaru yana duba yadda masu kiwo ke zaɓen wadda za su haɗa da wata su fitar da kalar da suke so. Sai a 1858 ga wasiƙa daga Alfred Wallace, wani mai binciken halittu ɗan Birtaniya da ke can tsibiran Indunusiya, wanda shi ma tunanin ya zo masa yana kwance zazzaɓi na cinsa, kusan abu ɗaya suka gano. Aka karanta takardunsu tare a Landan ranar 1 ga Yuli 1858, littafin Darwin a kan asalin jinsunan halittu ya fito a Nuwamba 1859. Kuma maganar ɗan Adam kusan babu ita a littafin, sai a 1871 ya yi wani a kai.

Ƙa'idar kanta ba ta da wuyar ganewa. 'Ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya ma ba sa zama iri ɗaya, wani bambancin ana gadonsa, sannan waɗanda ake haifa sun fi waɗanda ke rayuwa har su haihu yawa, to duk wanda bambancinsa ya taimake shi a inda yake shi zai fi barin zuriya, a hankali a hankali siffar ta yawaita. Yadda gadon ke tafiya ne Darwin bai sani ba, wani malamin coci mai suna Mendel ne ya gano da gwajin wake ya buga a 1866, ba wanda ya kula shi sai a 1900 bayan ya daɗe da mutuwa.

Duk wannan rubutawa kawai nake yi a littafi, har ranar da Malam ya rubuta AA, AS, SS a allo, wato nau'o'in jinin da ake dubawa a gwajin sikila. Gabana ya faɗi, don kun san na sha ba ku labarin Autanmu da sikila. Lokacin hunturu shi ne tashin hankalinmu, cikin dare zai farka yana riƙe ƙwaurinsa yana cewa Umma ana sara min ƙashi, idanunsa sun yi rawaya, Umma ta ɗora ruwa a murhu tana gasa masa da tsumma ni kuma ina ba shi ruwa yana sha yana kuka, gari na wayewa sai asibiti. Dangin Baba wasu suka ce sammu ne wasu suka ce iska, har akwai wadda ta ce daga wajen Umma abin yake, maganar da ta daɗe tana ci mata rai.

Malam ya ce wanda yake AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani bai cika kashe shi yana ƙarami ba kamar mai AA, wanda bai gaji ƙwayar ba ko kaɗan, wani likita Anthony Allison ya nuna haka a 1954 da binciken da ya yi a gabashin Afirka. Shi ya sa a ƙasashen da maleriya ta yi katutu masu AS suka fi tsira suka hayayyafa, har ya zama a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ita. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai ciwon sikila. Ina zaune hawaye na zuba, don a nan na gane daga Baba ne da Umma duka biyun, ba laifin kowa ba ne, abin da ya kare kakanninmu daga sauro shi ne yake wahalar da ƙanina. Ya ƙara da cewa ita kanta ƙwayar maleriyar haka ta yi da kulorokwin, masu jure maganin suka rage suka yaɗu har aka daina dogara da shi.

Da na je gida hutun ƙarshen mako na zauna na zana wa Umma a bayan takarda yadda A da S ke haɗuwa, ta daɗe tana kallo sannan ta ce na maimaita a gaban Baba, na kuwa maimaita. Satin da na koma makaranta na je aka ɗebi jinina, sakamako ya fito AS. A lokacin kuma akwai wanda har ya turo magabatansa gidanmu an sa rana a ji amsa, shi bai taɓa yin gwajin ba. Yadda muka kwashe da shi da mutanen gidansu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku sa Auta a addu'a don Allah, sanyi ya fara shigowa.